Tambaya da Amsa: An Ce i7 Ce, Amma ta Wace Shekara?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, zan fara rubuta furojet. Yayana ya kai ni shago aka nuna mini laftof biyu 'yan gwanjo, duka HP, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya an rubuta i7-4600U da ma'ajiya 500GB, ɗayar i5-8250U da 256GB. Mai shagon ya ce in ɗauki i7, ta fi ƙarfi kuma ta fi ɗaki. Wacce zan saya? — Wata ɗaliba daga Zariya

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki ɗauki i5 ɗin, kada ma ki tsaya jan ciniki a kan ɗayar. Allah ya yi miki albarka da kika kwafo lambobin gaba ɗaya, domin amsar tana cikinsu.

Dubi lambar farko bayan ɗan layin nan. A 4600U huɗu ce, wato janareshan na huɗu, wanda Intel ya fitar a 2013. A 8250U takwas ce, fitowar 2017. Shi suna i7 ko i5, wato sunan injin da ke tafiyar da aikin kwamfutar, matsayi ne kawai a tsakanin 'yan shekara ɗaya, kamar dai a ce miki mota Corolla ce, ba a faɗa miki ta wace shekara ba. Waccan i7 ɗin ƙwayoyin aiki biyu ne a cikinta, wannan i5 ɗin huɗu. Ki buɗe Word, ki buɗe shafuka goma a Chrome, ki ƙara da manhajar ƙididdiga ta SPSS idan sashenku na amfani da ita, nan take za ki ga wacce ke haki. Idan kuma kin ci karo da lamba kamar 1135G7 ko 10210U, lambobi biyun farko ake karantawa, sha ɗaya da goma ke nan.

Batun ɗaki ma mai shagon ya juya miki shi. Injin 2013 mai 500GB, galibi tsohon faifai ne mai juyawa, HDD, wanda da ƙyar yake wuce megabait ɗari a daƙiƙa. Mai 256GB ɗin kuwa SSD ce, babu abin da ke juyi a cikinta, ko mafi arha daga cikinsu tana kai ɗari biyar. Wannan ne bambancin kwamfutar da za ki kunna ki je ki ɗora ruwan shayi ki dawo, da wadda kafin ki gyara zama ta buɗe. Sannan faifai mai juyawa ba ya son jijjiga, ke kuma a jaka za ki riƙa ɗaukarta kina hawa Keke Napep tsakanin Samaru da cikin gari. Furojet ɗinki gaba ɗaya, da duk takardun da za ki sauke, ba za su cinye ko kashi ɗaya cikin goma na 256GB ba.

Abin da ya fi damuna shi ne Windows. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba, ita kuma Windows 11 ba ta karɓar injin Intel da bai kai janareshan na takwas ba, ban da 'yan kaɗan. Na san za ki ga tsofaffin injina a kasuwa ɗauke da Windows 11 ras. Ta bayan gida aka shigar da ita, kuma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko musu da gyare-gyare ba. 'Yan kasuwarmu sun san wannan sarai, shi ya sa ake ta tura wa ɗalibai tsofaffin i7 kafin su zama kwantai.

Kafin yayanki ya biya, ku yi abu uku a gaban mai shagon. Ku danna Ctrl da Shift da Esc tare, ku shiga Performance, ku ga ko sunan injin ya yi daidai da sitikar da ke jiki, don sitika ana liƙa ta. A nan za ku ga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kada ta gaza 8GB. Sai ku buɗe Command Prompt ku rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da takarda mai nuna ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da wanda ya rage masa yanzu. Idan ya zube ƙasa da rabi, a rage muku kuɗin sabon batir. Na uku, ku kashe ta ku sake kunnawa ku shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta buɗe. Yawancin waɗannan injinan daga ofisoshin Turai da Amurka aka kwaso su, wasu da makullin sirri a kai, kuma cire shi a irin waɗannan HP ɗin ba ƙaramin aiki ba ne. Mai shagon da ya ɓata rai don kun tsaya dubawa, ku yi masa sallama ku shiga na gaba.

Malam barka da aiki. Ina da shagon buga takardu da hoton fasfo. Ɗana ya dage sai in sayi sabuwar laftof mai AI, wadda ake kira Copilot+, mai injin Snapdragon. Ya ce batirinta na yini. Firintata tsohuwar LaserJet ce. Ya kake gani? — Wani mai shago daga Damagaram

Alhaji, barka kadai. Yaron bai yi ƙarya ba a kan batir. Injin Snapdragon ɗan gidan su injin waya ne, ƙirar ARM, ba ya shan wuta sosai kuma ba ya zafi, abin da duk mai aiki a watan Afrilu a Damagaram zai yaba. Microsoft ya ƙaddamar da wannan rukuni a Mayun 2024, da sharaɗin RAM 16GB da wani ɗan inji na musamman mai aikin AI.

Sai dai kai abincinka a firinta yake. Manhajoji irin su Word suna tafiya lafiya a kan ARM, wasu tsofaffin ma Windows na fassara su su yi aiki. Amma direban firinta, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, ba ya fassaruwa. Dole sai an rubuta shi musamman don ARM, kuma tsofaffin firintoci da yawa ba a yi musu ba. Sai ka kashe maƙudan sefa ka zo shago firinta ta ƙi ko motsi, ga layin masu jiran takarda. Ka sa yaron ya shiga shafin HP ya nemi lambar firintarka, ya ga ko akwai direban ARM64. In babu, ka nemi mai Intel ko AMD, su ma yanzu suna da Copilot+ ɗin idan sunan ne ya burge shi. Ni dai a aikin buga takarda ban ga abin da AI ɗin cikin inji zai ƙara maka ba.

Ka kuma duba madannan, wato kibod. Kayan da ke zuwa ta Kano ko Dubai yawanci QWERTY ne, kai kuwa takardun Faransanci kake bugawa, hannun yaranka ya saba da AZERTY mai é da è a sarari.

Na sayi fawa banki 20,000mAh, wayata 5,000mAh ce. A lissafina caji huɗu ne, amma sau biyu da rabi take yi. An cuce ni ne? — Wani ɗan kasuwa daga Gusau

Ba a cuce ka ba, ɗan'uwa, taka ma mai gaskiya ce. Batirin da ke ciki a kan volt 3.7 yake, dole a ɗaga wutar zuwa 5 ko fiye kafin ta bi igiyar caji, wayarka kuma ta sake sauke ta. Kowane juyi ana asarar wani abu, shi ne ɗumin da kake ji a hannu. Kusan kashi ɗaya cikin uku a nan yake tafiya, balle idan kana latsa wayar tana caji. Wadda za ka yi zargi ita ce mai rubutun 50,000 amma a hannu ba ta fi wayarka nauyi ba. Ta 20,000 ta ƙwarai tana doshin rabin kilo. Kada ka bar ta a gaban mota cikin rana, kuma ranar da ka ga ta kumbura ka rabu da ita. Idan Allah ya kira ka Umara ko Hajji, a jakar hannu ake sa ta, ba a cikin kayan awo ba, iyakar da jirage suka saba yarda da ita kuwa 100Wh ce, wajen 27,000mAh.

Cajar wayata USB-C ce, ramin laftof ɗina ma haka. Zan iya haɗa su? — Wata malamar makaranta daga Gombe

Malama, ba za ta ƙona komai ba, amma da wuya ta yi miki aiki. Cajar waya yawanci wat 18 zuwa 25 ce, laftof na neman 45 ko 65. Ko dai ta ƙi karɓa, ko ta riƙa ja a hankali sai kin rufe ta. Akasin haka ya fi: cajar laftof mai 65 da aka rubuta PD a jikinta za ta caja wayarki lafiya, don wayar ce ke faɗa mata iya abin da take so. Ki dai tabbatar ramin laftof ɗin na karɓar caji, saboda a wasu injinan na tura fayil ne kawai. Littafinta ko shafin kamfanin zai nuna miki.