Bisap mai gaz: in sayi tulun ƙarfe ko in dakata?

Wata hajiya daga Yantala nan Yamai ta rubuto: "Ina saida bisap da ruwan citta, ina so su riƙa yin gaz kamar lemun kwalba, ɗana ya ce in sa a kawo min tulun ƙarfen da Turawa masu haɗa giya a gida ke amfani da shi, in saya?"

Hajiya barka da ƙoƙari. Tulun ana ce masa Cornelius, litar 19 yake ci, kuma asalinsa ba na giya ba ne, kamfanonin lemu ne suka yi ta aiki da shi a Amurka, da suka bar shi masu giya suka kwashe. To ta wannan wajen hankalinki ya kwanta, amma in na hannu ne tambayi abin da aka zuba ciki, ki wanke sosai ki canza robobin bakin duka don suna riƙe wari.

Amma ni tambayata ɗaya, kina da firigon da tulun zai shiga a tsaye? Don iskar nan CO2, wadda ita ce gaz ɗin lemun kwalba, sanyi take so, ruwa mai sanyin ƙanƙara yana shanye wajen gram 3 a lita in ba a matsa ba, a digiri 30 kuwa ko rabin haka bai kai ba, to ki tuna zafin Afrilu a Yamai da ke wuce 40 ga kuran yana tafiya yana dawowa, kina buɗe famfo kumfa ce za ta cika kofi ta kwanta, ki sha ki ji salam. In sanyi ya kai digiri 4 ki haɗa shi da tulun CO2 ta abin rage ƙarfin gaz, ki sa ƙarfin iskar, da ake aunawa da bar, a kan 2 zuwa 2 da rabi ki bar shi kamar mako guda, in kina sauri ki kwantar da tulun ki yi ta girgiza shi da gaz a haɗe kina jin iskar tana shiga tana shuuu, in ta yi shiru ya ƙoshi. Kuma ki tace bisap ɗin da ƙyalle sau biyu, citta ma ta fi, duk ɗan gari da ya rage ciki shi ke tada kumfa.

Shawarata kar ki fara da tulu. Akwai murfi na musamman da ake ɗaurawa kan robar lemu ta lita ɗaya da rabi a haɗa da tiyon gaz, ki gwada da shi ki ga ko masu saye za su ƙara kuɗi kan gaz ɗin, don bisap na leda mai ƙanƙara mutane sun saba da shi kuma leda ba ta riƙe gaz.

Wani kuma daga Tawa ya ce shi yana da abin rage ƙarfin gaz na girki, da tulun kashe gobara, ko za su yi? A'a malam, don Allah kar ka gwada. Tulun CO2 yana da ƙarfin sama da bar 50, na girki ba a yi shi don haka ba, na kashe gobara kuma ruwan iskar yake fitarwa daga ƙasa. Na masu walda ma sau da yawa an gauraya shi da wata iska daban mai suna argon. Ka nemi tulun CO2 da aka ce na abinci ne, ka ɗaure shi a tsaye cikin inuwa, kar a bar shi a mota da rana. In ka je kasuwar Katako a Yamai neman kayan haɗi ka guji jan ƙarfe da tagulla a duk inda bisap zai taɓa, tsami da gaz suna cinsu ya shiga cikin mutane, inoks, wato ƙarfe mara tsatsa, ko roba kawai. Ka gama haɗawa ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi ƙwai nan ke yoyo.

Sai mai tambayar ko a zuba yis na burodi da sukari a rufe kwalba, wai ba sai an sayi komai ba. Gaz zai fito kam, amma yis in ya ci sukari abu biyu yake bayarwa, CO2 da barasa, ba ya ba da ɗaya ya bar ɗaya, kuma bisap cike yake da sukari ga zafi, ba zai tsaya ba har kwalba ta fashe. Hukuncin ɗan kaɗan ɗin ka kai wa malaminka, amma wanda za a saida wa jama'a da azumi ni dai ban ba da shawara ba.