Shugaban ƙungiya ya sa ni gaba, in maka shi a kotu?

Barista, ina da kemis a wani gari a yankin Gumel, kuma ban taɓa fashin biyan kuɗin ƙungiyarmu ta masu sayar da magani ba. Tun ranar da na ce a karanta mana lissafin kuɗi, shugaba ya sa ni gaba. Ya ci mutuncina a taro, an daina gayyata ta, an cire ni daga zauren WhatsApp, yanzu yana cewa sai ya sa an rufe mini shago. Ai tsarin mulki ya ba ni 'yancin zama a ƙungiya, ko?

Hajiya, ɓangare ɗaya na ji, don haka abin da zan faɗa ya dogara ne ga yadda kika kawo maganar. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ki 'yancin shiga ƙungiya, haka ne, amma bai tilasta wa wata ƙungiya ta riƙe ki ko ta halin ƙaƙa ba. Kotuna kuma ba kasafai suke tsoma baki a rikicin cikin gidan ƙungiyar da mutum ya shiga da ƙafarsa ba. Yawanci abin da alƙali zai fara tambaya shi ne ko kin bi hanyoyin ƙorafi na cikin gida kin ƙure su. In ba ki bi ba, akwai yiwuwar a kori ƙarar tun ba a shiga gundarinta ba, kuɗinki ya tafi a banza.

Ƙarfinki yana cikin kundin dokokin ƙungiyar. In tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, akwai kundin a rubuce, kuma shugaba ma yana ƙarƙashinsa, ko da ya manta. Ki duba me ya ce kan ladabtarwa, kan kiran taro, da kan duba lissafi. Idan an dakatar da ke ba tare da an sanar da ke laifinki an saurare ki ba, nan ne kotu takan iya rushe matakin. Sai dai cire ki daga WhatsApp kaɗai da wuya a ɗauke shi a matsayin kora.

Batun shago kuwa, lasisin sayar da magani hukumar PCN mai kula da harkar harhaɗawa da sayar da magunguna ce ke bayarwa, ba ƙungiya ba. In takardunki sun cika, barazanar ba ta da nauyin da yake so ki ɗauka. In ba su cika ba, ki gyara kafin ki ja da kowa.

Zagi da barazana wani babi ne daban. Ɓata suna da tsoratarwa laifuka ne a dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka, kuma Jigawa ta amince da dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane a 2021, amma hujja ake nema: wa ya ji, me aka faɗa, yaushe. 'Yan ƙungiya nawa ne za su yarda su ba da shaida a kan shugabansu? Ki yi wannan lissafin tun yanzu.

Ki rubuta ƙorafi ga sakatare, ki aika kwafi ga reshen jiha, ki adana rasiɗanki da saƙonnin. Sannan ki nemi a zauna sulhu a gaban dattawan sana'ar ko hakimi, a rubuta abin da aka cimma, kowa ya sa hannu. Gari ɗaya kuke, dillalan da ke kawo muku magani ma ɗaya ne, shari'a kuwa tana iya cin shekaru. In sun ƙi zama, ko sun yi biris da takardarki, to ki ɗauki kundin da kwafin ƙorafin ki kai wa lauya, ko ofishin Legal Aid, hukumar taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, da ke Dutse, a duba ko akwai abin shigarwa.