AC ɗin mota da damina: a dakata kafin a ce "ƙara gas"

Tun da marka ta kama, saƙonnin da ke shigowa wannan fili sun bar waya da kwamfuta sun koma kan mota, kuma kusan dukkansu kukan AC ne. Na zaɓo waɗanda suka fi maimaituwa. Masu tambayar batir da manhaja su yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Corolla 'yar Kwatano, ina zirga-zirga tsakanin Kano da Legas. A watan Afrilu da ake tsananin zafi, AC ɗinta har sai na rage shi. Yanzu gari ya yi sauƙi amma da ƙyar yake sanyaya motar, musamman in na wuce Lokoja. Mai gyara ya ƙara mini gas sau biyu, abin sai gaba yake yi. Ko kwamfureso ne ya mutu? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Alhaji, har sau biyu? Ai tun daga na farko ya kamata ka riƙe hannun mai gyaran nan ka tambaye shi inda gas ɗin da ke ciki ya tafi. Zan dawo kan wannan, domin shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Mutane suna duba ma'aunin zafi su ga 30, su tuna Afrilu da yake kaiwa 40, sai su ce ai yanzu aikin AC ya ragu. Ba zafi kaɗai AC ke cirewa daga iska ba, har da ruwan da ke cikinta. A bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto mai tsananin sanyi, masu gyara na kiransa ebaforeta, kuma ta cikinsa fanka ke tura iska kafin ta iso fuskarka. Iska mai laima in ta taɓa shi sai ta zubar da ruwanta a jikinsa, kamar yadda kwalbar lemo ke yin gumi in an fito da ita daga firji. Wannan zubar da ruwa ba kyauta ba ce. Duk lita ɗaya ta ruwa da ta fito daga tururi tana sakin zafin da ya haura kilojul 2,400, kuma AC ɗin ne zai kwashe shi ya fitar waje, ba tare da iskar ta ƙara sanyi ko da digiri ɗaya a kan wannan aikin ba.

Ga lissafin. Iskar bazara mai zafin digiri 40 da laima kashi 15 cikin ɗari tana ɗauke da ruwa kimanin giram 8 a kowace mita kubik. Iskar damina mai digiri 30 da laima kashi 80 tana ɗauke da giram 24, ninki uku ke nan. In za a sauko da dukkansu biyun zuwa digiri 10, ta daminar tana cin ƙarfin da ya kusa ninka na bazarar. Shi ya sa kana tsallake Lokoja kana shiga ƙasar daji, inda laima ta fi yawa, kake jin kamar an rage wa AC ɗin ƙarfi. Jikinka ma yana taimaka wa wannan zato, domin a busasshiyar iska gumi na bushewa nan take ka ji daɗi, a iska mai laima kuwa sai ya tsaya maka a wuya yana naso.

To, mu koma kan gas. AC ɗin mota ba ya shan gas kamar yadda inji ke shan mai. A rufe yake zagayawa, daga kwamfureso (famfon da ke matsa gas ɗin) zuwa kwandensa (lagireton AC da ke gaban mota, mai fitar da zafi waje) zuwa ebaforeta ya dawo. In ya ragu sosai, akwai inda yake yoyo: bakin tiyo, zoben roba da ya bushe, ko kwandensa da tsakuwa ta huda. In kuwa bai ragu ba aka ƙara masa, an cika shi fiye da kima, matsi ya yi yawa, kwamfureso ya riƙa yankewa yana dawowa, sanyi ya ragu. Abin da ka kwatanta ya yi kama da haka ƙwarai. Ɗaga bonet ka duba, akwai wata 'yar takarda da aka liƙa wadda ta faɗi irin gas ɗin motar da nauyinsa a giram. A ƙananan motoci yawanci bai wuce giram 400 zuwa 800 ba. Da sikeli ake zuba shi. Mai gyaran da ke taɓa bututu da bayan hannu yana cewa "ya kusa, a ƙara kaɗan" kintace kawai yake yi da kuɗinka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake buɗe bututun AC a tsakiyar watan Agusta, a bar shi a hangame a gefen gareji yayin da aka aiki yaro kasuwa neman zobe, a dawo a ɗaura, a zuba gas, a ce bisimilla. Iskar da ta shiga ciki jiƙe take da ruwa. Man da ke cikin kwamfureso irin wanda ke tsotsar danshi ne. Akwai wata 'yar kwalba a jikin layin, draya, mai ɗauke da ƙwayoyin busarwa, amma abin da za ta iya sha kaɗan ne, in ta ƙoshi shi ke nan. Ragowar ruwan sai ya je ya daskare a ƙaramar ƙofar da gas ke bi kafin ebaforeta ya toshe ta, AC ya yi sanyi na ɗan lokaci ya ɗauke, in ƙanƙarar ta narke ya dawo. Sannu a hankali kuma danshin ya haɗu da mai da gas ya zama asid yana cin ƙarfe ta ciki. Bayan wata shida sai a ce maka kwamfureso ya mutu, ka ɗora laifin a kan motar.

Ƙa'idar aikin a bayyane take. A nemo yoyon a gyara shi, a canza draya in an daɗe da buɗe layin, a ɗaura injin zuƙe iska na aƙalla minti 30 domin ruwan da ke ciki ya tafasa ya fita, a kashe a jira a ga ko allurar ma'aunin matsi za ta motsa, sannan a zuba gas da awo. Garejin da babu injin zuƙe iska da sikeli, ka yi musu sallama cikin mutunci ka ja motarka.

Kuma ka ga gwangwanin gas ɗin da idonka. Mai yiwuwa motarka R134a take amfani da shi, wanda ya maye gurbin R12 a shekarun 1990 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin ozon. Sababbin motocin Turai tun daga 2017 sun koma R1234yf, kuma ba a cakuɗa su. R600a na firji ne, yana kama wuta, ba shi da muhalli a motar da aka ƙera don R134a komai arahar sa. R22 na AC ɗin ɗaki ne, matsinsa ya fi ƙarfin tiyon motarka.

Kai dai yanzu ka sa a zuƙe abin da ke ciki duka a sake zubawa bisa awo. Sannan ka koyi amfani da maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta. In ka danna shi, AC ɗin zai riƙa juya iskar cikin mota da ya riga ya busar, maimakon ya yi ta jawo jiƙaƙƙiyar iskar waje yana fama da ita daga farko. Ni da damina kusan kullum a kunne yake, sai dai a doguwar tafiya nakan kashe shi na 'yan mintuna lokaci zuwa lokaci iska ta sabunta, domin numfashin mutane in ya taru yana kawo gyangyaɗi. Kwamfureso kuwa ina kyautata zaton lafiyarsa lau, in an yi sauri.

Tambaya: Malam, duk inda na faka sai na ga ruwa yana ɗiga a ƙarƙashin mota ta ɓangaren fasinja. Maigidana ya ce lagireto ne ya fashe. Daga wata baiwar Allah a Kaduna.

Amsa: Hajiya, ki taɓa shi da yatsa. In fari ne tas, ba wari, ba santsi, ruwan da AC ya tatso daga iska ne, kuma alamar lafiya ce. Ki gaya wa maigida ya kwantar da hankalinsa. Ranar da ya daina ɗiga da damina alhali AC na aiki, sannan za ki damu, domin kafet zai koma jiƙawa. Ƙaramin tiyon da ke fitar da shi ne ya toshe, a busa shi.

Tambaya: In na kunna AC da safe wani wari ke fitowa kamar na jiƙaƙƙen tsumma. Na rataya turare har kala uku bai daina ba. Daga ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, turare kala uku a kan warin rima, Allah ya ba fasinjojinka haƙuri. Ebaforeta na kwana a jiƙe cikin duhu, ƙurar hunturun da ta wuce ta manne a jikinsa ta zama taɓo, sai fumfuna ta samu wurin zama. Buɗe akwatin gaban fasinja, a motoci da yawa matatar iska na bayansa. Zaro ta ka gani: ganyen darbejiya, gashin tsuntsu, baƙar ƙura, wani lokaci har kashin ɓera. Mutane da dama sun shekara biyar da mota ba su san akwai ta ba. Canza ta, a fesa maganin wanke ebaforeta. Daga nan ka ɗauki ɗabi'ar da nake ta nanatawa: saura minti uku zuwa biyar ka isa gida, kashe maɓallin AC ka bar fanka tana gudu da ƙarfi, ta busar da ciki kafin ka kashe mota.

Tambaya: Ana ruwa gilashin gaba sai ya yi hazo, ina ta gogewa da hula. In kunna AC ko in kashe? Daga direban haya a Jos.

Amsa: Ka mayar da hular kanka, direba, gogewa da ita maiƙo take bari a gilashi, da dare fitilun masu tahowa su watse maka a ido. Kunna AC, juya iskar zuwa gilashi, ka kashe maɓallin juya iskar ciki, domin numfashin fasinja da jiƙaƙƙun kayansu ne ke kawo hazon. In sanyin Jos ya dame ka, murɗa zuwa ɗumi kaɗan ka bar AC a kunne, zai busar da iskar kafin a ɗumama ta. Wani lokaci kuma hazon ta waje yake, in iska mai sanyi ta daɗe tana dukan gilashin. Waifa ɗaya za ta nuna maka. In ta share shi, kawar da iskar daga gilashi.

Tambaya: AC ɗina na sanyi in ina gudu, amma a cunkoso sai iska mai ɗumi. Daga mai karatu a Abuja.

Amsa: Duba fankar kwandensa ko tana juyawa in AC na kunne. In tana yi, wanke kwandensar, taɓo da ƙwari sun cika ta. Da ruwa a hankali, kada mai wankin mota ya matso mata da injin feshi ya lanƙwasa haƙoranta.

Tambaya: Malam, in na fito daga mota mai sanyi kyamarar wayata sai ta yi dishi-dishi, hoto ba ya fita. Ta lalace ne? Daga wata amarya a Maraɗi.

Amsa: Amarya, Allah ya sanya alheri. Wayar ce ta yi sanyi ta haɗu da iska mai laima, raɓa ta kwanta a gilashin. Minti kaɗan za ta washe. Ki daina maƙala ta a bakin ƙofar da iskar AC ke fitowa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ma haka, a bar ta cikin jaka kamar kwata na awa kafin a kunna. In hazon ta cikin gilashin kyamara yake kuma ya kwana bai tafi ba, a kai wa mai gyara.