Masu sauya jinsi a wasannin jami'o'in Amurka: ina aka kwana?

Malam, ka tambaya ko har yanzu waɗanda suka sauya jinsi zuwa mace suna shiga gasar mata a jami'o'in Amurka. A'a, tun Fabrairun 2025 aka rufe ƙofar.

Abin ya ɗauki zafi ne a Maris 2022, lokacin da Lia Thomas ta Jami'ar Pennsylvania ta lashe ninƙayar yadi 500 a gasar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar. A da ta yi ninƙaya cikin maza. Wasu abokan karawarta suka ce balagar namiji tana barin ƙarfi da tsawo waɗanda rage sinadarin namiji na testosterone ba ya gogewa gaba ɗaya. Wannan ƙorafi, a ganina, ba na banza ba ne.

Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin hana masu sauya jinsi shiga gasar mata ranar 5 ga Fabrairun 2025, washegari NCAA ta taƙaita gasar mata ga waɗanda aka haifa mata. Atisaye tare da mata da kulawar likita kuwa ba a hana masu sauya jinsin ba.

Abin mamaki, shugaban NCAA, Charlie Baker, ya shaida wa majalisar dattawa a Disambar 2024 cewa cikin 'yan wasa 510,000, masu sauya jinsin da ya sani ba su kai goma ba. Su kaɗai suka sha zagin ƙasa guda, alhali dokar lokacin suka bi.