Ruwan masallacinmu yana yawan tsayawa, shin zanen injiniyoyi zai gano mana dalili?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da rijiyar burtsatse ta masallacin unguwarmu a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Kusan duk wata sai ruwa ya tsaya, kuma kowane mai gyara da abin da yake faɗa, wannan ya ce sumo ne, wato injin da ke cikin rijiyar yana turo ruwa sama, wancan ya ce janareta. Yanzu kwamiti na shirin tara kuɗi a sayo janareta na biyu. Ɗana da ke karatun injiniya ya ce akwai wani zane mai kama da bishiya da ake gano tushen lalacewar na'ura da shi. Mene ne shi, kuma zai yi mana amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce wa kwamiti su ɗan dakata da karɓar kuɗin nan tukuna. Yaron ya yi gaskiya. Zanen nan, mu kira shi bishiyar matsala, wani injiniya mai suna Watson ne ya ƙirƙiro shi a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1962, don tantance na'urar harba makami mai linzami na Minuteman. Daga nan kamfanin Boeing ya ɗauka, sannan masu tashoshin nukiliya. Amma kada sunayen su tsorata ka, takarda da biro sun ishe ka.

Bishiyar a kife take. A can sama za ka rubuta abin da ba ka so ya faru, cikin jimla ɗaya mai kaifi: "Ruwa bai hau tanki ba." Kada ka rubuta "burtsatse ta lalace", wannan bai nuna komai ba. Sai ka tambayi kanka, me zai jawo haka kai tsaye? Ko wuta ba ta kai ga sumo ba, ko ta kai amma sumon bai juya ba, ko ya juya amma ruwan ya zube a hanya, ko kuma ruwan ƙasan rijiyar ya ja baya, kamar yadda kan faru a tsakiyar bazara. Kowanne reshe ne, kuma kowanne za ka sake yi masa tambayar, har ka kai ga abin da za ka iya taɓawa da hannu: fiyus, kafasta mai taimaka wa sumo ya fara juyawa, wayar da ɓera ya ci, bututun da ya fashe.

Inda hikimar take shi ne mahaɗar rassan, wadda ake kira ƙofa. Iri biyu ne manya. Ƙofar KO tana nufin abu ɗaya daga cikin na ƙasa ya isa ya tsayar da ruwa. Ƙofar DA kuwa sai duk sun haɗu a lokaci guda. Ɗauke wutar gari kaɗai ba ta hana ku ruwa, sai in janareta ma ya ƙi tashi, don haka su biyun suna ƙarƙashin DA. Amma makunnin da ke sauya layi daga wutar gari zuwa janareta, da wayar da ta gangara cikin rijiya, kowannensu shi kaɗai zai iya kwantar da komai.

Ga lissafi na misali kawai. A ce rabin lokaci babu wutar gari, janareta kuma yana ƙin tashi sau 1 cikin 10. A ƙofar DA ninkawa ake yi, sai ya zama 1 cikin 20. In makunnin nan, wanda ƙurar hunturu ta cika, zafi kuma ya sassauta masa kusoshi, yana ba da matsala sau 1 cikin 10, to haɗarinsa shi kaɗai ya kai ninki biyu na wancan, kuma a ƙofar KO kusan tara su ake yi. Kun ga janareta na biyu zai rage 1 cikin 20 ɗin ne, ya bar muku babban a zaune. Na sha ganin haka, an kashe maƙudan kuɗi a reshen da ke da mataimaki, an manta da ɗan abin da ba shi da magaji.

Akwai kuma tarkon da ke kama har ƙwararru. Ninkawar nan tana aiki ne in abubuwan biyu ba su da alaƙa. Janareta biyu da ke shan mai daga jarka ɗaya, in man gurɓatacce ne tare za su mutu. Haka in ɗaki ɗaya aka ajiye su, ruwan Agusta ya shigo. A takarda biyu ne, a zahiri ɗaya.

Zanen ba boka ba ne, abin da kuka ba shi yake mayar muku, saboda haka ku nemi littafi. Duk ranar da ruwa ya tsaya a rubuta kwanan wata, da abin da aka canza, da nawa aka biya. Ku zauna da yaron da ladan ko duk wanda ke kunna injin da asuba, shi ya san ƙarar da sumo ke yi kafin ya tsaya. Ku zagaye duk abin da shi kaɗai ke iya kaiwa har saman bishiyar da jan biro, ku fara kiran mai gyara a kansu.