Bawul Ɗin Rediyon Soja: Kada Ka Fasa, Babu Jar Zaiba a Ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai gyaran rediyo ne a Wunti, Bauchi. Kawuna, tsohon sojan sigina, ya rasu ya bar akwati cike da bawul, wato kwalaben gilashin nan na cikin tsofaffin rediyo: masu lamba 807 da yawa, 813 biyu, 866A guda. Wasu sun zo sun ce akwai jar zaiba a ciki, in fasa su saya da miliyoyi. Ƙanena ya matsa lamba, ga yara cike da gida. Hankalina ya tashi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu. Kafin komai, Malam, ka ɗauke akwatin daga inda hannun ƙanenka zai kai.

807 ita ce ke cikin na'urar aika saƙo mai lamba 19 da sojan Ingila suka ɗora a tankokinsu a yaƙin duniya na biyu. Hular da ke kanta ta faranti ce, wato ƙarfen cikin bawul da ke ɗaukar wuta mai ƙarfi, an kai ta sama ne don a nisanta bolt 750 daga ƙafafun da ke gindinta. 813 kuwa babbar yaya ce: zarenta, wato siririyar wayar da ke yin zafi a ciki, ƙarfen tungsten ne da aka cuɗa da ɗan ƙarfen toriyom, yana cin bolt 10 da amfiya 5, farantinta yakan ɗauki bolt 2000, ita ce ke cikin na'urar aika saƙo ART-13 ta jiragen yaƙin Amurka. Duka biyun an zuƙe musu iska ne aka toshe. Ko ɗigon ruwa babu a ciki.

Wannan magana ta jar zaiba ta ishe ni, wallahi. Kullum sai an zo min da ita. Babu wani abu jar zaiba, ba a rediyo ba, ba a keken ɗinki ba. A 2009 irin wannan jita-jita ta sa mutane a Saudiyya suka yi ta rububin tsofaffin kekunan Singer, ba wanda ya tsinci komai. Tabon nan mai sheƙi kamar bayan madubi da suke nuna maka a jikin gilashi, ƙarfen bariyom ne da aka fesa a masana'anta don ya tsotse ragowar iska. Kana fasawa zai koma fari fat, bawul ta mutu ke nan. Jan da ake gani a faranti kuma zafi ne kawai, alamar an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. To ina jar zaibar? In da gaske miliyoyi ne a ciki, me ya hana su saye akwatin su je su fasa a gidajensu? Gobe za su ce ka kawo kuɗin gwaji, daga nan ba ka sake ganinsu.

Abin da ya fi tayar min da hankali 866A ce, don ita akwai zaiba ta gaskiya a cikinta, fara, 'yan ɗigo-ɗigo da za ka ga suna gangarawa in ka karkata ta. Tururinta ba ya wari, yana tashi ko ba a ɗora ta a wuta ba, balle a zafin Bauchi cikin ɗaki rufe. Yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yara da masu juna biyu suka fi shan wahala. Wanda ya sa ka fasa wannan a tsakar gida, ya ji tsoron Allah, haƙƙin yaran nan ba zai bar shi ba.

Ka naɗe ta da tsumma, ka ajiye ta a tsaye cikin gwangwani mai murfi. In ta fashe, fitar da yara, buɗe tagogi, kada a sa tsintsiya. A tattara da kwali a zuba a kwalba a toshe. Su kuwa 807, sa mita tsakanin ƙafa ta 1 da ta 5, nan zarenta yake. Wadda zarenta bai tsinke ba kuma tabonta na sheƙi, ware ta, masu haɗa amfilifaya suna nemanta har yau.