Amsa ga 'yar uwar da ke tambaya kan ɗaki mai baranda a jirgin ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya wallahi tun jiya da daddare na ga tambayarki na kasa haƙuri, sai da na sallami yara makaranta na zauna in rubuto miki a tsanake. Kin ce ke da maigida za ku shiga jirgin ruwan nan na shaƙatawa a tekun Bahar Rum, ejan ya kawo muku farashi biyu, na ɗakin ciki mara taga da na mai baranda, bambancin ya ɗaga miki hankali musamman yadda canji ya koma tun 2023, kina tambaya ko ya cancanci a ƙara. Ni ma irin wannan tafiyar muka yi daga Basalona ta ƙasar Sifen, kuma har yau in na tuna wani abu sai raina ya ɓaci, shi ya sa ba zan iya gani in wuce ba.

Ni dai in kin tambaye ni, ki ƙara kuɗin in da hali. Amma kar ki saki ko kwabo sai kin ga lambar ɗakin a rubuce a takardar kamfanin jirgin, ba a bakin ejan ba.

Za ki ji masu cewa ai ɗaki na barci ne kawai, me za ki yi da baranda. Masu wannan maganar ba irin zamanmu suke yi a jirgin ba. Su da safe sun haye can sama wurin wanka da iyo, da rana suna mashaya, da dare gidan caca da wurin rawa, sai ƙarfe biyu su dawo su faɗa gado. To mu fa? Saman nan kiɗa ba ya tsayawa, jama'a rabin jiki a waje, kowa da kofin giya a hannu, ki fito da hijabinki ki rasa inda za ki sa idonki. Maigidana ya hau ya zaga ya sauko ya ce shi kam ba zai iya zama a wurin ba. Kin ga ke nan mu zaman ɗaki ya fi yawa a wurinmu, ko mun so ko mun ƙi. Ɗakin cikin kuwa na leƙa na wasu 'yan Najeriya da muka haɗu da su, tsaf yake babu laifi, gado iri ɗaya, abinci iri ɗaya muke ci da su, amma da an kashe fitila kamar an rufe ki a kwantena a Apapa, ba ki san gari ya waye ba, ba ki san rana ta faɗi ba, matar ta ce min sai dai su kunna talabijin su kalli tashar da ke nuna gaban jirgi sannan su san ko akwai haske a waje.

Yanzu bari in faɗa miki abin da aka yi mana. Wannan ejan ɗin ba baƙo ba ne, ta hanyar dangin maigida muka san shi a nan Agege, ya zo gidanmu ya ci tuwonmu, yana ce min Anti, yarana suna gaishe shi. Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, na ce ni ba don gayu nake son baranda ba, so nake in samu wurin da zan cire hijabi in sha iska in kalli ruwa babu idon kowa a kaina. Ya ce Anti an gama, ki bar min. Rabin ƙarin kuɗin nan daga adashena ya fito, kwasar da na daɗe ina jira, na ce wa maigida ni zan cika don kar nauyin ya yi masa yawa. Duk lokacin da na tambayi lambar ɗaki sai ya ce kamfani ba su fitar ba tukuna, sai an kusa tafiya.

Ranar da muka shiga jirgi, bayan layin nan mai tsawo da binciken kaya, muka samu ɗakin, ban ko ajiye jaka ba na nufi labule na yaye. Hajiya, ƙaton jirgin ceto ne ruwan lemo a rataye a gaban barandar, da ƙarafunansa da igiyoyinsa. Teku sai ta ɗan gefe, sai kin leƙa kin karkata wuya. Na tsaya riƙe da labulen na kasa magana, maigida yana bayana yana cewa a yi haƙuri wataƙila kuskure ne. Washegari da safe na fito da ɗankwali kawai da kofin shayi, sai ga ma'aikata maza biyu a kan jirgin ceton suna gyara, tsakanina da su bai wuce in miƙa hannu ba, suka gaishe ni cikin ladabi ma, su aikinsu suke yi, ni kuwa na koma ciki da gudu jikina yana rawa. Daga ranar ban ƙara fita barandar nan ba tare da hijabi ba. Abin da na biya dominsa ke nan fa, shi ne ban samu ba. Ga shi kuma ƙarƙashinmu wurin kiɗa ne, gado yana amsawa har tsakar dare.

Mun je wurin karɓar baƙi, yarinyar ta duba kwamfuta ta juyo mana da ita, ashe mafi arhar ajin baranda aka saya mana, irin wanda suke ce wa garanti, wato kamfani ne zai zaɓa miki duk ɗakin da ya rage, kuma a rubuce yake cewa ana iya ba ki wanda wani abu ya tare gabansa. Mu kuwa kuɗin baranda mai kyau muka ba shi. Ta ce jirgi a cike yake babu canji. A gaban mutane hawaye suka zubo min, ba don ɗakin ba wallahi, don amanar. Muka kira shi bai ɗaga ba, muka tura saƙo ya karanta ya yi shiru. Da muka dawo Legas maigida ya same shi, wai sai cewa ya yi ai baranda aka ce kuma baranda aka samu. Ko a yi haƙuri bai ce ba. Dangi suka shiga tsakani aka ce a bar maganar saboda zumunci, na bari, amma na bar shi da Allah, kuma har gobe in muka haɗu a wurin biki ba na iya kallon fuskarsa. Mutumin da ya ci abincin hannuna. Kai, Allah ya isa dai.

To amma kin san me ya sa duk da haka nake ce miki ki ƙara? Wata baiwar Allah 'yar Maroko da muke haɗuwa wurin cin abinci, da ta ji labarina ta ce in zo ɗakinta da sassafe ranar da za mu shiga Napoli ta Italiya, mijinta ya fita ya ba mu wuri. Nata yana can hawa na sama, babu komai a gabansa. Kujera biyu ne kawai da ɗan tebur, kar ki zaci wani fili ne, amma muka zauna kanmu a buɗe, iska mai sanyi tana kaɗawa, dutsen nan mai aman wuta Vesuvius yana fitowa a hankali daga hazo, fitilun gari ba a kashe ba tukuna, wani ƙaramin jirgi ya matso jikin namu mutum ya kama tsani ya hau, shi ne mai shigar da jirgi tasha. Gishirin teku har a kan ƙarfen da na dafa. Na yi ta tasbihi. A nan na gane abin da aka cuce ni a kai.

Ki ce wa ejan ɗinku ya turo miki taswirar hawa-hawan jirgin, ko ki sa sunan jirgin a intanet za ki same ta, ki nemo lambar ɗakinki da idonki. Ki duba me ke samanki me ke ƙasanki, mafi kwanciyar hankali shi ne ɗakuna a sama ɗakuna a ƙasa. In wurin wanka ko wurin cin abinci ne a samanki, tun da asuba za ki ji ana jan kujeru. Ki duba hawan da jiragen ceto suke ki kauce masa. Sannan wasu jiragen barandar ƙasa ta fi ta sama fitowa waje, na sama yana leƙowa yana ganinki tsaf, wannan ma ki tambaya tunda mu sirrin muke saya. Kuma ko mai kyau kika samu, in an tsaya a tasha ki sa mayafinki, sau da yawa wani jirgin ne a gabanku baranda tana kallon baranda.

Af, farashin nan da ya ba ki, ki tabbatar na mutum ɗaya ne ko na ku biyu, don su da kai suke lissafi, bambancin da kika gani zai iya zama sau biyu. Akwai kuma kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane mutum kowane dare, da kuɗin intanet mai tsadar gaske, da na fita yawo a garuruwa. Kar ki zuba komai a baranda ku shiga jirgi hannu babu yuro, wannan ma wata wahalar ce. In lissafin bai kai ba akwai na tsakiya, mai taga wadda ba a buɗewa, aƙalla kina ganin haske kina sanin lokacin sallah, ni a ganina ya fi na cikin nesa ba kusa ba.

Maganar jiri kuma, in ke ko maigida kuna da saurin tashin zuciya ku nemi tsakiyar jirgi kuma ba can ƙololuwa ba, gaba da sama sun fi jijjiga. Tsakanin Basalona da Marseille akwai wata iska da ke tasowa daga Faransa, daren da muka ratsa nan maigidana ya sha wuya, ya yi ta amai har na tsorata, kuma gaskiya ko barandar nan tamu ta yi amfani a ranar, don da ya fita iska ta buge shi ya kafa ido can ƙarshen ruwa sai ya ɗan samu sauƙi. Ki tafi da maganin jiri daga nan da citta.

Ki kuma duba jadawalin tafiyar taku da kyau. Yawancin na Bahar Rum na sati ɗaya kusan kullum jirgi a wani gari yake wuni, rana ɗaya ce kawai ake wuni a teku. Ranar zuwa birnin Rum misali jirgi ba a Rum yake tsayawa ba, a Civitavecchia ne, wajen kilomita 80, ki fita da safe ki dawo magariba a gajiye ƙafa ta kumbura. In ku masu fita kowane gari ne tun safe, barandar asuba da dare kawai za ta yi muku. In kuwa kamar mu ne da wani garin muke zama a jirgi mu huta, ko kuna tafe da tsohuwa wadda ba ta son hayaniya, to kuɗinki bai tafi a banza ba. Masu zuwa Norwe cikin duwatsun nan kam ba sai an yi shawara ba, kallon shi ne tafiyar.

Ba ki ce ko da yara za ku ba. In da su, dan Allah dan Annabi kar a bar su su kaɗai a baranda, ƙarfen yana da tsayi amma yaro kujera zai ja ya taka, ki riƙa kulle ƙofar ta sama. Kar ki buɗe ƙofar baranda da ta ɗaki lokaci ɗaya, iska tana fizgar ƙofa da ƙarfin da zai iya datse yatsa. A jirage da yawa in ƙofar baranda tana buɗe na'urar sanyi tsayawa take yi. Shanya ma ba sa so, akwai igiya a banɗaki. Turaren wuta da gawayi kuwa ki bar su a gida gaba ɗaya, na san halinmu, amma za su ƙwace tun a bakin shiga har da dutsen guga. Ba wulaƙanci ba ne, a 2006 gobara ta tashi daga baranda a jirgin Star Princess a hanyar Jamaika, ana kyautata zaton guntun sigari ne, ɗakuna da yawa suka ƙone mutum ɗaya ya rasu, shi ya sa ba sa wasa da wuta ko kaɗan. Ki ɗauki humra da turaren fesawa sun isa.

Ki sa buta a jaka, babu ita a banɗakinsu. Alƙibla kuma juyawa take yi da jirgi, ki riƙa dubawa a waya kafin kowace sallah, ku tambayi malaminku hukuncin tun kafin ku tashi har da maganar ƙasaru. Abinci ki sa a rubuta muku tun wajen biya cewa ba kwa cin alade da abin da aka sa giya, mu kifi da ganye da taliya muka fi ci, yajin da na ƙulla daga gida shi ya cece mu.

Sannan bizar Shengen ɗinku, ta shiga Turai, ta fito kuwa? Kar ku biya kuɗin da ba a mayarwa kafin fasfo ya dawo hannunku, kuma in jirgin zai tsaya Tunisiya ko Turkiyya ya dawo Turai, ku tabbatar mai shiga da fita da yawa ce aka ba ku. In ejan ya turo lambar ɗakin ki sa ta a nan ko ki biyo ni ta gefe da sunan jirgin, mu duba taswirar tare kafin ki tura masa kuɗi. In ya fara ce miki kamfani ba su fitar ba tukuna, ki riƙe kuɗinki ki nemi wani.